Zakaran Gwajin Dafi: Abin da Babbar Marsandi Ta Bar wa Ƙananan Motoci

Kafin shekarar 1912, tayar da mota aikin ƙarfi ne. Direba zai tsaya a gabanta ya zura wani lanƙwasasshen ƙarfe a hancin injin, ya yi ta wanawa har ya kama. Idan kuwa injin ya yi tutsu ya mayar da ƙarfen baya, sai karaya a wuyan hannu. A wannan shekara ce kamfanin Cadillac na Amurka, wanda ba ya ƙera wa kowa mota sai mai hannu da shuni, ya fito da sitata mai aiki da batir wadda Charles Kettering ya haɗa. Sai a 1919 Ford ya fara sa ta a Model T, motar manoma da 'yan ƙwadago. Irin wannan gangarowa daga garejin attajiri zuwa ƙofar gidan talaka ta yi ta maimaituwa, kuma a ganina ita ce ainihin tarihin babbar motar alfarma. Mai kallo daga gefen titi fatar kujera yake gani da ƙyallin fenti, amma abin da ya ɗore daga wannan mota shi ne zamanta zakaran gwajin dafi: a kanta ake fara jarraba abin da zai ceci rai, kuma mai ita ne ke biyan kuɗin jarrabawar. Babu jerin motocin da ya nuna haka kamar manyan Marsandin Jamus, waɗanda tun 1972 ake kira S-Class.

Tushen labarin yana wajen wani injiniya haifaffen Ostiriya, Béla Barényi, wanda ya fara aiki da Daimler-Benz, kamfanin Marsandi, a 1939. A zamaninsa kowa ya ɗauka cewa motar da ta fi tauri ita ta fi tsaro, kuma har gobe akwai masu ƙwanƙwasa bodi da ɗan yatsa suna yabon mota da cewa ƙarfe ce zalla. Barényi ya lura da abin da aka tsallake. Idan mota mai tauri ta daki bango, nan take za ta tsaya, amma jikin mutumin da ke ciki bai tsaya ba, zai ci gaba da tafiya da gudun da ake yi har ya haɗu da sitiyari ko gilashi. Motar ta fita da ɗan lotsawa, mai ita ya tafi lahira. Dabararsa ita ce a raba mota gida uku: tsakiya, inda mutane ke zaune, a yi shi da tauri, gaba da baya kuwa a ƙera su yadda za su murƙushe da gangan, su shanye ƙarfin karon, su tsawaita lokacin tsayawar ko da da ƙiftawar ido ne. An ba shi haƙƙin mallakar wannan fasaha a 1952, kuma ta fara fitowa a babbar Marsandin 1959, wadda aka sani da fikafikan bayanta. A cikinta an lulluɓe tsakiyar sitiyari da dashbod da abu mai laushi, an kuma yi makullin ƙofa da ba ya ɓallewa ya wurgar da fasinja waje. A wannan shekara kamfanin ya fara kara sababbin motoci da bango a Sindelfingen don ganin abin da zai faru, har daga baya ya riƙa ingiza su da roka mai aiki da tururin ruwan zafi. Yau babu ƙaramar motar da ake ƙerawa ba bisa wannan tsari ba. Wanda ya ga gaban mota ya yi kwatsa-kwatsa a hatsari amma mutanen ciki sun fito da ƙafafunsu, aikin Barényi ya gani.

Ana iya gane bambancin alfarma zalla da alfarma mai barin gado idan aka dubi Marsandi 600, wadda aka fara ƙerawa a 1963. Doguwar samfurinta ta haura mita 6. Gilasan tagogi da kujeru da murfin but duk da matsin mai suke motsi, ta cikin siraran bututai da suka zagaye motar, don kada mai gida ya ji ko gunjin ƙaramin injin lantarki. Fafaroma Paul na Shida ya hau ta, Tito na Yugoslabiya ya hau, haka ma Idi Amin na Yuganda. Zuwa 1981 da aka daina yin ta, guda 2,677 kacal aka ƙera. Daga duk wannan ƙawa kusan babu abin da ya gangaro wa kowa, domin tsarin bututan ya yi tsada, ga wahalar gyara idan ya fara yoyo. Abin da ya yi tasiri shi ne injinta mai silinda 8. A 1968 aka ɗauke shi aka dasa a jikin da bai kai nata nauyi ba, aka sami 300 SEL 6.3, motar iyali mai ƙofa huɗu da ke gudun kilomita 220 a awa. A Jamus wannan ba adon takarda ba ne, domin akwai manyan hanyoyin da ba su da iyakar gudu. Mai ƙera motar da ta kusa tan biyu, wadda ya san za a taka ta har ƙarshen maleji, tilas ya zauna ya yi tunanin yadda za ta tsaya.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. A samfurin 1972 aka ɗauke tankin mai daga ƙarshen mota aka mayar da shi saman tayoyin baya, inda bugu daga baya ba zai fasa shi da sauƙi ba. A 1978, tare da kamfanin Bosch, aka kawo birkin ABS mai aiki da lantarki. Amfaninsa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta: tayoyi su daskare, mota ta yi ta zamewa, sitiyari ya zama hoto. ABS yana auna juyin kowace taya, da ya ji tana shirin daskarewa sai ya saki birkin ya sake kamawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, direba na birki yana kuma iya kaucewa. Samfurin da ya biyo baya, na 1979, wanda Bruno Sacco ya jagoranci zana shi, kuma wanda ya cika garejin manya a Nijeriya a Jamhuriya ta Biyu, shi ya zo da jakar iska a cikin sitiyari a 1981, haɗe da na'urar da ke ɗame bel a jikin fasinja da zarar an yi karo. Dalilin da ya sa waɗannan abubuwa ke farawa daga sama ba wani sirri ba ne. A 1978 kuɗin ABS kaɗai ya haura mak 2,000 na Jamus. A kan babbar mota wannan ɗan ƙari ne, a kan ƙarama kuwa ya isa ya kori mai saye. Attajiran farko su suka mayar wa kamfani kuɗin bincikensa, sannan yawan ƙerawa ya karya farashin.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Abin da ya fi kowace na'ura ceton rai a mota shi ne bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, shi kuwa ba daga motar sarakuna ya fito ba. Nils Bohlin ne ya tsara shi a kamfanin Volvo na Suwidin, aka sa shi a 1959 a motocin da ma'aikaci ke iya saye, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Sannan tarihi ya nuna cewa attajiri ba koyaushe yake sayen kariya ba idan aka bar shi da zaɓinsa. Tun 1974 General Motors ya sa jakar iska a manyan Cadillac da Buick da Oldsmobile ga mai so, masu so suka yi ƙaranci, bayan 1976 aka janye ta. Ba ta zama ta kowa a Amurka ba sai da doka ta wajabta ta a gidan gaba na kowace sabuwar mota daga samfurin 1998. Wannan suka gaskiya ce, amma ba ta rushe maganar ba, iyakarta ta nuna. Babbar mota tana tabbatar da cewa abu yana aiki, tana kuma rage tsadarsa. Raba shi ga jama'a kuwa ba halinta ba ne, sai an matsa. Gwamnati ma ba ta iya wajabta abin da ba a riga an gwada a kan titi shekara da shekaru ba.

Labarin na'urar ESP ya nuna irin matsin da ake nufi. Ita ce ke lura da inda direba ya nufa da sitiyari da inda motar ke tafiya a zahiri, idan suka saɓa sai ta taka wa taya ɗaya birki ta dawo da motar kan hanya kafin ta juya. Ta fara fitowa a 1995 a S 600, mafi tsadar jerin, kuma da an bar kamfanin da lissafinsa da ta daɗe a can sama. Sai ga shi a Oktoban 1997 'yan jaridar wata mujallar motoci a Suwidin sun gwada sabuwar ƙaramar Marsandi, A-Class, gwajin kauce wa dabba a kan hanya, motar ta kife. Hotunan suka zagaye duniya. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya gyara ƙafafunta, ya sa mata ESP ba tare da jiran mai saye ya nema ba. Abokan gasa suka ga ba su da mafita sai su bi sahu. Daga Nuwamban 2014 doka ta hana sayar da sabuwar mota a Tarayyar Turai in babu ita. Kunya ce ta gajarta tafiyar, amma da ba a riga an gama na'urar saboda babbar mota ba, da babu abin da za a ɗauko a rufe kunyar da shi cikin 'yan watanni.

Akwai suka ta biyu, cewa yawancin abin da ake tarawa a irin wannan mota almubazzaranci ne aka yi wa rigar tsaro. Samfurin 1991 ya ba masu wannan ra'ayi abin faɗa. Nauyinta ya kai tan biyu, babbar cikinsu tana da silinda 12, gilasan tagogi ruɓi biyu ne, ƙofofi suna ƙarasa rufe kansu, har da wasu 'yan sanduna da ke ɗagowa daga kusurwoyin baya idan an sa ribas don direba ya san inda motar ta ƙare. Jamusawa da kansu sun yi mata ba'a. Wani ɓangare na jin daɗin yana da hujja, domin direban da ƙara da zafi da jijjiga ba su gajiyar da shi ba ya fi natsuwa bayan tafiyar awa biyar. Amma nauyin da ke kare na ciki barazana ne ga na waje, mai ƙaramar mota da mai tafiya a ƙasa, kuma wannan bashi ne da motar alfarma ba ta gama biya ba. Sannan wannan samfurin ne ya nuna iyakar fasaha a ranar 31 ga Agustan 1997, lokacin da S 280 ɗauke da Gimbiya Diana ta daki ginshiƙi a hanyar ƙarƙashin ƙasa a Paris. Bincike ya tabbatar da cewa direban ya sha giya, yana gudun da ya zarce ƙa'idar wurin nesa ba kusa ba, gimbiyar kuma ba ta ɗaura bel ba. Mutum uku cikin huɗu suka mutu a ɗaya daga cikin motocin da suka fi tsaro a zamaninsu.

Wannan tarihi yana da amfani ga mai sayen mota a Kano ko Maraɗi, domin yawancin manyan Marsandin da ke isowa nan na hannu ne, sun kwana biyu a Turai ko Amurka. Kayan jin daɗinsu su ke fara tsufa. Samfurin 1998, mai tafiya a kan balan-balan ɗin iska maimakon sifirin, ya yi suna wajen wayar gari a durƙushe, har makanikai suka saba cire tsarin su mayar da sifirin na ƙarfe. Wannan ba asara ce babba ba. Asarar tana inda ido ba ya gani: sitiyarin da jakar iskarsa ta riga ta fashe aka liƙe murfin, fitilar ABS da aka cire wa ƙwai don kada ta tona asiri, gaban motar da ya taɓa murƙushewa aka miƙe shi da wuta da guduma, wanda ba zai sake shanye karo yadda aka tsara shi ba. Mai saye ya murza makulli ya tabbatar fitilun gargaɗin sun kama sannan sun mutu da kansu, ya kuma sa a ɗaga motar a duba ƙarƙashinta kafin a yi maganar fatar kujera. Bel kuwa, tun Janairun 2003 hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta ɗaura shi, kuma mai gidan da ke hakimce a gidan baya yana buƙatarsa kamar yadda direbansa ke buƙata.