Dokar Nafata da Katse Layin Waya: Yadda Jama'a ke Ƙirga Junansu

Tsakanin ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shelar dokoki uku. Kada kowa ya ƙara yin wa'azi in ban da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo shi kaɗai. Duk wanda bai gaji Musulunci daga iyayensa ba, ya koma kan abin da ya tarar. Sannan maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi.

Biyun farko, mai karatu, ba sai an yi maka dogon bayani ba. To na ukun fa? Me rawani ya tsare wa sarkin da ke da dawaki da mayaƙa? Amsar tana cikin wani reshe na ilimi da ake kira kimiyyar sarƙaƙƙun tsare-tsare, kuma ita ce za ta kai mu har watan Satumban 2021, lokacin da wayoyin mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum suka yi tsit.

Yadda rawani ya zama alama

A shekarun 1760, Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Gobirawa suka kafa babban birninsu na Alƙalawa a ƙasar Zamfara. Gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin daga baya ya zauna a Anka. Ka ga ke nan akwai mutane da yawa da ke zaune ƙarƙashin mulkin da ba su so, amma ba halin faɗa.

Cikin waɗannan mutane Shehu ya shiga daga wajajen 1786, ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa a Zamfara. Da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin babbar salla, Shehu bai karɓi kyautar dukiya ba. Buƙatu ya gabatar, ciki har da a bar shi ya yi kira, a sassauta wa talakawa haraji, a saki fursunoni, a kuma girmama duk mai rawani. Sannu a hankali rawani da lulluɓi suka zama shaidar mutanen Jama'a. Duk ranar kasuwa, mutum zai ɗaga kai ya ga yawansu da idonsa.

Lissafin mutum goma

Ita wannan kimiyya tana nazarin abubuwan da suka ƙunshi ɓangarori masu yawa, kowanne yana duban na kusa da shi kafin ya motsa: garken shanu, tururuwa, farashin kasuwa, yaɗuwar annoba. A irin wannan tsari, sanin halin kowane ɗaya ba ya isar ka ka san abin da taron zai yi.

A 1978, wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da wani lissafi mai sauƙi. Bari mu kawo shi kasuwar Gummi. A ce 'yan kasuwa goma aka ɗora wa harajin zalunci, dukkansu kuma ransu ya ɓaci. Na farko zai ƙi biya ko da shi kaɗai ne. Na biyu sai ya ga mutum ɗaya ya ƙi tukuna. Na uku sai ya ga biyu, haka har na goma da ke jiran ya ga tara. Mu kira wannan adadi matakin shiga. Da na farko ya tashi, na biyu zai bi, shi kuma ya cika wa na uku adadinsa, kafin ka ce kwabo duk goman sun tashi.

Yanzu canza abu ɗaya tak. A ce na biyun ya ɗan ƙara jin tsoro, shi ma sai ya ga mutum biyu. Na farko zai tashi, ya waiga, ba kowa. A kama shi, a ce dama fitinanne ne. Kasuwa ɗaya ce, ɓacin rai iri ɗaya, mutum tara cikin goma ba abin da ya sauya a zuciyarsu, amma sakamako ya sha bamban.

Wani masanin tattalin arziki, Timur Kuran, ya ƙara wani abu a rubuce-rubucensa na 1991 da 1995. Inda faɗin gaskiya ke da tsada, mutane kan nuna ra'ayin da ba shi ne a ransu ba. Ai dama Bahaushe ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Matsalar ita ce kowa na ɓoyewa, don haka kowa na zaton shi kaɗai ne. Shi ma mai mulki yabon da ake masa ne kawai ke isa kunnensa.

Abin da dokar ta haifar

Da wannan lissafi a hannunka, sake duban dokar Nafata. Cire rawani ba zai cire aƙida daga zuciyar kowa ba. Abin da zai yi shi ne ya hana mai jiran ganin mutum biyu ya gan su. Doka ce ta hana ƙirge.

Sai dai ta zo a makare. An shafe shekaru ana karatu, ɗalibai sun bazu a garuruwa, sun san juna ta hanyar malamai da auratayya da wasiƙu da waƙoƙin wa'azi. Kuma dokar ta ƙara wa rawanin nauyi, domin wanda ya naɗa shi bayan shela ya nuna a shirye yake ya ɗauki hukunci. A zamanin Yunfa aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana, mutanen Degel suka kuɓutar da kamammun da aka biyo da su ta kusa da su. A Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni aka gwabza a Tafkin Kwatto, a 1808 Alƙalawa ta faɗi.

Kada ka ɗauka lissafin nan ya maye gurbin imani da ilimi da jagoranci. Su ne suka saukar da matakin shigar mutane tun farko. Lissafin yana bayyana saurin da abin ya yi ne kawai. Kuma guguwar tana iya juyawa: a 1805 Jama'a ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, ƙarancin abinci ya jawo saɓani tsakanin mayaƙa da masu masauki, garuruwan Zamfara da dama suka janye goyon bayansu.

Daga Jamus zuwa Masar

Gwamnatin Jamus ta Gabas tana da hukumar leƙen asiri mai suna Stasi, da ma'aikata kusan 90,000 da 'yan rahoto fiye da 170,000. Duk da haka abin da ya faru a 1989 ya zo mata ba zato. Ranar 9 ga Oktoba, mutum kimanin 70,000 suka fito a birnin Leipzig, ba a buɗe musu wuta ba. Mako biyu bayan nan sun kai wajen 300,000. Ranar 9 ga Nuwamba aka buɗe katangar Berlin. Yawan sa ido ya koya wa mutane iya ɓoyewa, har ya zamana rahotannin da hukumar ke tarawa ba sa gaya mata matakin shigar kowa.

A Masar kuwa, gwamnatin Hosni Mubarak ta katse intanet da wayar salula ranar 28 ga Janairun 2011. Wani mai bincike, Navid Hassanpour, ya nuna cewa katsewar ta sa zanga-zanga ta ƙara bazuwa a unguwannin Alƙahira, domin wanda ba ya samun labari a waya sai ya fito titi neman labari, fitowarsa kuma ta cika wa wani adadinsa. Ranar 11 ga Fabrairu Mubarak ya sauka. Amma fa a Iran, a Nuwamban 2019, an katse intanet kusan mako guda aka murƙushe masu zanga-zanga. Mataki iri ɗaya, sakamako daban, kamar dai kasuwar mutum goma.

Duza, Bagega da watannin shiru

Yammacin Zamfara ya ɗanɗani tsadar ɓoye labari. A 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare tana kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Sunke, Duza da 'Yargalma. Yara fiye da 400 suka rasu. An ruwaito cewa a wasu wuraren an riƙa ɓoye mace-macen don tsoron kada hukuma ta hana haƙar da ake ci da ita. Shi kuwa garin Bagega, sai a 2013 aka fara tsaftace shi, bayan matasa da ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba a intanet har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin da ta yi alƙawari.

Ranar 3 ga Satumban 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle. An kuma rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Wannan gwamnati zaɓaɓɓiya ce, kuma dalilinta a fili yake: a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. An ce mako biyu, amma sai 1 ga Oktoba sabis ya dawo Gusau, sauran sassa kuma sai ƙarshen Nuwamba.

Ga abin da nazarin sarƙaƙiya zai sa ka lura da shi. Layin da infoma ke bi, shi ne layin da ɗan ƙauye ke bi ya ce wa maƙwabta ga babura nan tafe, shi ne mai POS ke aiki da shi, da shi ake kiran mota a kai mai naƙuda asibiti. Kuma ɓangarorin ba ƙarfinsu ɗaya ba wajen sauya dabara. Mai babur da bindiga zai tura ɗan aike ko ya koma wani daji. Tsohuwa a Duza ba ta da wannan zaɓin. A farkon Janairun 2022, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai wajen 200.

Ina ruwan sirrinka da wannan?

Tun Disamban 2020 aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Ma'ana kowane kira yana da suna a bayansa. Ko da manhaja irin WhatsApp ta kulle abin da ka rubuta ta yadda daga kai sai wanda ka aika wa, bayanan da ke kewaye da saƙon ba su kullu ba. Kamfanin waya kuma ya san wa ka kira, yaushe, daga kusa da wace eriya. Wanda ya tara irin waɗannan bayanai zai iya zana taswirar wa ya san wa, ya nemo mutum na farko da na biyu a lissafinmu kafin na uku ya ji labari.

A ƙauyen da ake zaman ɗar-ɗar, maganar ta wuce siyasa. Wanda zai sanar da jami'an tsaro motsin 'yan bindiga, ransa ya rataya ne a kan kada sunansa ya fita. In ya fita sau ɗaya aka kashe shi, matakin shigar duk ƙauyen ya tashi, hukuma kuma ta rasa idanunta. Gaskiya ne shi ma infoma yana fakewa da sirrin. Shi ya sa ake buƙatar ƙa'ida a kan wa ke da ikon duba bayanan mutane, da izinin wa, har tsawon wane lokaci.

A Yunin 2023 Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani ko hukuma me suka ajiye a kanka da dalilin ajiyewar, ko da yake ta ware sha'anin tsaron ƙasa. Ka san da ita. Ka rage tura hoton takardar NIN ɗinka ga duk wanda ya nema, ka kuma yi tunani kafin ka watsa sunan wanda ya ba da rahoto a zauren WhatsApp. In kuma aka sake kawo shawarar katse layi ko ƙara sa ido, ka yi tambayoyi uku: wa zai daina ganin wa, wa ke da wata hanyar ta daban, kuma wa zai faɗa wa hukuma gaskiya bayan an yi?