Ƙwallon 'Yan Mata Da Matsalar Fili: Abin Da Tarihin Kano Ya Koya Mana

A wannan mako za mu waiwayi tarihin ƙwallon ƙafa ta ɓangaren da ba a cika kulawa da shi ba, wato waye ke biyan kuɗin fili, kuma waye ake bari ya taka shi. Tambayar ta fi shafar 'yan mata, musamman a unguwannin ma'aikata irin su Dakata, inda duk wata ƙungiyar 'yan mata za ka tarar 'yan sa-kai ne ke ɗauke da ita daga aljihunsu.

Mu fara da gida. Kano ta daɗe da sanin ƙwallo, domin tun a 1953 ƙungiyar Kano ta ci Kofin Ƙalubale na ƙasa. A 1978 Raccah Rovers ta zama zakarar gasar lig ta Nijeriya, kuma a shekarar ne ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, wasan da Pele ya buga. Sunan ƙungiyar kansa na gidan kasuwancin Raccah ne, wanda ya yi fice a cinikin gyaɗa. Ita ma Kano Pillars da muke alfahari da ita, a 1990 aka kafa ta bayan an haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, Kano Golden Stars da Bank of the North. Mu lura da sunayen nan. Ɗaya ta hukumar ruwa ce ta jiha, ɗaya kuma ta banki. Ashe tun asali ƙwallon Kano a jingine take da wani mai ƙarfi, ko kamfani, ko ma'aikata, ko gwamnati.

A wancan zamani masana'antun Bompai, sannan na Sharada da Challawa, suna ci kamar wutar daji. Masaƙu da majemu da kamfanonin mai da na alewa sun tara dubban ma'aikata, kuma da yawansu suka zauna a Dakata da kewayenta. Daga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, al'amura suka fara juyawa. Darajar naira ta faɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci, kayan waje masu araha suka cika kasuwa, kamfanoni suka yi ta rufewa. Kamfanin da ya kasa biyan albashi kuwa ba ya ɗaukar nauyin ƙungiyar ƙwallo.

A daidai wannan lokaci na ƙunci ne ƙwallon mata ta miƙe a Nijeriya. An fara gasarsu ta ƙasa a 1990, kuma ɗaiɗaikun masu hali ne suka riƙe manyan ƙungiyoyin farko, irin su Jegede Babes ta Gimbiya Bola Jegede a Legas da Ufuoma Babes a Warri. A 1991 Super Falcons ta je gasar duniya ta farko a Sin, a 1999 ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Amurka, a 2025 kuma ta ɗauki kofin Afirka karo na goma bayan ta doke Maroko da ci 3-2. Arewa na da Nasarawa Amazons da Adamawa Queens, amma yarinyar Dakata ta iso ne bayan an watse daga walimar kamfanoni. Yayyenta maza sun gaji filaye da ƙungiyoyi, ita ba ta gaji komai ba.

Don mu gane muhimmancin fili, mu leƙa Ingila. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, matan da ke aiki a masana'antar Dick, Kerr a garin Preston suka kafa ƙungiya don tara kuɗin jinyar sojoji. Ranar 26 ga Disamba 1920 mutane kusan 53,000 suka kalli wasansu a filin Goodison Park. Shekara guda bayan haka, a Disamba 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta hana ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta ba mata aron filayensu, kuma sai bayan shekara hamsin aka janye wannan doka. Babu wanda ya ƙwace musu ƙwallo ko takalma. Fili kawai aka hana su, harkar ta durƙushe tsawon rabin ƙarni.

A nan Kano muna da filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, wanda ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, da kofin Afirka a 2000, da gasar 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Muna da filin Pillars a Sabon Gari, da cibiyar wasanni da Ahmed Musa ya buɗe a 2017. Sai dai yarinya 'yar shekara sha biyu ba za ta biya kuɗin adaidaita sahu kullum zuwa can ba, iyayenta ma ba za su bari ba. Filin makarantar firamare da ke kusa da ita kuwa, samari sun riga sun raba lokutansa daga la'asar zuwa magariba.

Kuma mu yi wa iyaye adalci. Damuwarsu a kan sutura da cakuɗuwa da maza da dawowa gida da wuri damuwa ce ta gaskiya. Maganar hijabi an riga an warware ta, tunda masu tsara dokokin ƙwallo sun amince da shi a 2014, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya da shi a 2023. Sauran damuwar kuwa gini ne ke amsa ta: katanga, ƙofa mai maigadi, ɗakin sauya kaya, banɗaki, rijiyar burtsatse, da mace mai horarwa. Kowannensu kuɗi yake ci.

To, daga ina kuɗin za su fito? Tarihinmu ya nuna hanya. Yawancin Islamiyyun unguwanninmu da karo-karo da aikin gayya da filin waƙafi aka gina su, kuma sun ɗore domin al'umma ce ke da su. Raccah Rovers kuwa, da duk kofinta, ta zama tarihi. Ƙungiyar 'yan sa-kai ba za ta zauna jiran attajiri guda ba. Abin da ya kamace ta shi ne ta yi rajista da hukumar CAC da amintattu, ta buɗe asusun banki da sunanta, ta sa mai unguwa da malamai da iyaye mata cikin kwamitinta. Da wannan takarda za ta iya tunkarar ƙaramar hukumar Nasarawa, ko wani kamfani mai fili a kwance a Bompai. Kuma duk filin da aka ba ta, ta nemi a rubuta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka alkawarin baka ba ya hana a wayi gari an yanka wurin an yi shaguna.

Mu kuma marubuta namu aikin a fili yake. Mu je mu zauna da tsofaffin ma'aikatan Bompai tun suna raye, mu tambaye su ina filayen kamfanoni suke a da, kuma me aka gina a kansu. Mu rubuta sunayen matan da suka fara buga ƙwallo a makarantun Kano, da iznin su. Mai neman tallafi da tarihi a hannunsa ya fi mai zuwa da roƙo kawai.

Allah Ya sa mu dace, amin.