Lambun Selborne da Zafin Shekarar 1783

A kudancin Ingila, cikin yankin Hampshire, akwai wani ƙauye da ake kira Selborne. Nan aka haifi Gilbert White a 1720, nan kuma ya rasu a 1793. Malamin coci ne, amma lambun bayan gidansa ne ya fito da sunansa duniya.

Tun 1751 ya buɗe littafin da yake rubuta duk abin da ya shuka da ranar da ya tsiro. Yana noman kokwamba a kan tulin takin doki domin ɗumin takin ya tsare ta daga sanyi, yana kuma cikin na farko da suka shuka dankalin Turawa a wajen. Sannu a hankali rubutun ya wuce kayan lambu, ya kai ga duk mai rai da ke shigowa: ranar da tsattsewa ta iso, jemagu da yamma, har da tana, wadda ya gane ita ke raya ƙasar noma tun mutane na raina ta. Masanan zamaninsa gawar tsuntsu suke dubawa a ɗaki. Shi kuwa kunne ya kasa, da kuka ya rarrabe wasu ƙananan tsuntsaye uku masu kama da juna.

A 1780 ya gaji wani kunkuru mai suna Timothy daga gwaggonsa. Idan rana ta take, sai kunkurun ya lallaɓa ƙarƙashin faffaɗan ganyen kabeji ya kwanta, da zarar an fara yayyafi kuma ya nemi mafaka. Sai bayan mutuwar kunkurun aka gano ashe mace ce.

Zafin da ya fi girgiza ƙauyen shi ne na 1783. Daga 23 ga Yuni zuwa 20 ga Yuli wani hayaƙi ya rufe sama, kamar hazon hunturu, sai dai wannan da zafi ya zo. Rana takan fito ja wur, ta faɗi ja wur. Naman da aka yanka yau ba ya kai gobe, ƙudaje sun hana dawakai sakat a hanya, mutanen ƙauye kuwa tsoro ya kama su. White bai san dutsen Laki ne ke aman wuta a can Iceland tun 8 ga Yuni ba, amma ya rubuta abin da idonsa ya gani dalla-dalla, shi ya sa masu binciken tarihin yanayi ke komawa ga shaidarsa har yau. Wannan gaskiyar tasa ita ce abin yabo.

Littafinsa kan halittun Selborne ya fito a 1789, kuma ba a daina buga shi ba tun lokacin. Gidansa yanzu gidan tarihi ne, masu ziyara na hawa tudun bayansa ta karkatacciyar hanyar da shi da ƙanensa John suka sara a 1753.