Abokan Gaba Biyu a Huhu Ɗaya

A shekara ta 1918, lokacin da Yaƙin Duniya na Farko yake gab da ƙarewa, wata mura mai tsanani ta ratsa duniya. Jiragen ruwa suka kai ta Firitawun ta Saliyo a watan Agusta, ta iso Ikko a watan Satumba, daga nan ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Ana ƙiyasta cewa ta kashe mutum wajen miliyan 50 a duniya duka. Likitoci suka lura da wani abin mamaki: mutum yakan fara samun sauƙi, zazzaɓi ya sauka, bayan 'yan kwanaki kuma sai ya komo da ƙarfi, kaki ya yi kauri, numfashi ya gagara. 

Tun kafin annobar akwai hanyar ganin ƙwayoyin cuta da ake kira bakteriya. A 1884 wani likita mutumin Denmak, Hans Christian Gram, yana aiki a Balin a kan huhun waɗanda ciwon huhu ya kashe, ya gano wani rini da ke bambanta su: waɗansu su riƙe launin shunayya, waɗansu su sake shi. Har yau ana rina kaki ta wannan hanya a asibitoci. A 1892 kuma Richard Pfeiffer, Bajamushe, ya ga wata bakteriya a kakin masu mura, ya ce ita ce tushen cutar. Aka yarda da maganarsa shekaru da yawa, gama ita ce ake gani a madubin ƙara girma. Amma a 1918 an yi ta samun majiyyata da ba su da ita sam.

Amsa ta fito daga garken aladu. A 1931 Richard Shope na Amurka ya nuna cewa murar aladu tana da ƙwaya biyu. Ɗaya bairas ce, ƙanƙanuwa ƙwarai har takan wuce ta matatar da ke tare bakteriya. Ita kaɗai ciwonta da sauƙi, amma in ta haɗu da bakteriya sai alade ya kwanta rai a hannun Allah. A 1933 masana uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka ware bairas ɗin murar mutane. Ta haka aka fahimci cewa bairas tana ɓata fatar hanyar numfashi, bakteriya kuwa ta samu ƙofa a buɗe ta shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2008 masana a Amurka suka sake duba naman huhun mutum 58 da aka adana tun annobar, tare da tsofaffin rahotanni, suka ce yawancin mutuwar ta zo ne daga bakteriya da ta biyo bayan murar.

Da fenisilin ya yaɗu bayan 1940, wannan bambanci ya zama batun rai da mutuwa, domin maganin yana kashe bakteriya amma ba ya taɓa bairas. In likita ya hana shi ga mai bukata, yana iya rasa shi. In ya ba kowa, ƙwayoyin sukan saba da maganin har ya daina aiki. Ganewar kuwa ba ta da sauƙi. Hoton ƙirji yakan nuna ciwo, amma ba ya faɗin wadda ta jawo shi. Renon ƙwayoyi daga jini yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa kuma ba abin da ke tsirowa, musamman in majiyyaci ya riga ya sha magani a gida. A 1993 likitocin Faransa suka nuna cewa wani sinadari cikin jini, firokalsitonin, yakan hau idan bakteriya ce, amma shi ma taimako ne kawai, ba ya yanke hukunci.

Annobar korona ta 2020 ta sake gwada likitoci. Binciken farko ya nuna cewa wajen bakwai cikin goma na waɗanda aka kwantar an ba su maganin bakteriya, alhali masu ita ba su kai ɗaya cikin goma ba. Tsoron abin da ya faru a 1918 ya sa aka wuce gona da iri.

Wannan tarihi yana da magana ga jama'ar ikilisiya, gama su ne masu jinya da gaida marasa lafiya. Idan ma'aikacin asibiti ya nemi kaki ko jini kafin ya ba da allura, ba rowa ba ce, yana neman sanin ko abokan gaban biyu ne. Mai jinya ya faɗi gaskiyar maganin da aka sha a gida, kuma in zazzaɓi ya komo bayan an ga sauƙi, a mai da majiyyaci asibiti a ranar, kada a bari sai gobe.