Duwatsun Takur: Tarihin Ƙasa da Ake Fasawa Kafin a Nazarce Shi

Duwatsun da suka kewaye Takur da Garu a birnin Dutse ba su kai tsayin na Jos ba, amma a wurin masana ilimin ƙasa darajarsu ba ta tsayi ba ce. Suna cikin jerin duwatsun da suka faro daga tsaunukan Azbin a Nijar, suka biyo ta Damagaram, suka shigo Najeriya ta Dutse da Birnin Kudu da Shira, suka zarce Jos har Afu a Jihar Nasarawa. Awon shekarun da aka yi ya nuna na Dutse sun kai kimanin shekara miliyan 213, na Afu kuwa miliyan 141. Wato duk lokacin da aka ƙara yin kudu, sai a tarar duwatsun sun fi ƙarancin shekaru.

Me ya kawo haka? Wasu masana na ganin nahiyar Afirka ce ta yi ta gusawa a kan wata cibiyar zafi da ke can ƙarƙashin ƙasa. Wasu kuma sun ce tsofaffin tsagogin ɓawon ƙasa ne suka riƙa buɗewa bi da bi, narkakken dutse yana bi ta cikinsu. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne, a wuraren nan an taɓa yin aman wuta, rufin ya rufta, narkakken dutsen ya daskare a ciki, sannan ruwa da iska suka yi miliyoyin shekaru suna zaizaye abin da ke sama. Saiwar ce ta rage muke gani.

Tun da Dutse ta zama babban birnin Jigawa a 1991, gini bai tsaya ba, kuma gini tsakuwa yake ci. Ba na cikin masu cewa a hana fasa dutse. Magidanta da yawa da shi suke ciyar da iyali. Abin da nake ja a kai shi ne a fasa kafin a auna. Bangon laka in ya faɗi ana sake tayar da shi, amma fuskar dutsen da nakiya ta tarwatsa ta tafi ke nan da duk shaidar da ke jikinta.

Ga kuma batun ruwa, wanda ya fi shafar mutumin Takur kai tsaye. Irin wannan dutse ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da kuma inda ya ruɓe, saɓanin yashin kwarin Chadi da ke wajen Haɗeja. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse ya dace, maƙwabcinsa ya kashe kuɗi ya tashi a tutar babu. Taswirar tsagogin da masani ke buƙata don warware waccan muhawara, ita ce dai mai haƙa rijiya ke buƙata.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta bar lasisin fasa dutse a hannun gwamnatin tarayya, amma tsara gari aikin jiha ne. Jami'ar Tarayya ta Dutse tana nan tun 2011. Ya kamata jiha ta haɗa ta da Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, su zana cikakkiyar taswirar duwatsun birnin, a ware waɗanda ba za a taɓa ba, kafin a ƙara yanka filaye a gindinsu.