GANUWAR SAINT-MALO DA KUƊIN DA SUKA GINA TA

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Stains da Lyon sun ji kalmar ganuwa a bakin kakanninsu, amma ba su taɓa ganin ta da ido ba. Ba laifinsu ba ne. Birnin Faris ya rushe tasa ganuwar ta ƙarshe daga shekarar 1919, kuma babban titin motocin nan da ya kewaye birnin a kan sawunta aka shimfiɗa shi. Wanda ya ke so ya nuna wa ɗansa gari mai ganuwa wadda ta ke a tsaye har yau, to, sai ya ɗauke shi zuwa Saint-Malo, can bakin teku a ƙasar Bretagne, daura da Ingila. Jirgin ƙasa daga tashar Montparnasse ba ya cika sa'a uku. Mutanenmu na Lyon tafiyarsu ta fi nisa, amma ba za su yi da na sani ba.

Ganuwar ta dutse ce, kuma a bisanta akwai hanya mai faɗi wadda mutum zai bi ya kewaye tsohon garin duka, ba kuwa a biyan ko sisi. Tsawonta mita 1,754 ne. Mai ƙarfin ƙafa zai gama cikin sa'a guda, dattijo mai tsayawa yana kallo kuwa sai ya ba ta sa'a biyu. Bakano in ya ji wannan lissafi dariya zai yi, don ganuwar Kano ta ninka wannan sau da yawa. Amma kada ƙanƙantarta ta sa a raina ta.

Asalin garin wani dutse ne a cikin ruwa, wanda siririyar hanyar rairayi kaɗai ta haɗa shi da tudu. Sunan kuwa na wani malamin Kirista ne, Malo, wanda ya ƙetaro daga ƙasar Wales a ƙarni na 6 ya zauna a Aleth, can ƙetaren mashigin jiragen. A tsakiyar ƙarni na 12 babban limamin wurin, Jean de Châtillon, ya taso da mazauninsa daga Aleth ya komo bisa dutsen, sa'an nan aka soma ginin ganuwa. Ku duba fa, wannan bai yi nisa da zamanin Sarkin Kano Gijimasu ba, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ne kuwa Tarihin Kano ya ce ya fara ginin ganuwar birni. Watau garuruwan nan biyu kusan tsara su ke wajen ganuwa, ko da ya ke babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa.

A ƙasarmu kowace ƙofa da sarkin ƙofarta, shi ke rufewa da almuru, ya buɗe da asuba. Mutanen Saint-Malo su karnuka suka ba wannan aiki. Tun daga 1155, in an kaɗa ƙararrawar dare aka rufe ƙofofi, sai a saki manyan karnuka a bakin ruwa inda jirage ke kwance, duk wanda suka tarar a waje ya shiga uku. Haka aka yi ta yi shekara fiye da 600, sai a 1770 da suka kashe wani hafsan jirgin ruwa aka bari. Taurin kan mutanen garin ma abin faɗi ne: daga 1590 zuwa 1594 sun ƙi bin sarkin Faransa, suka riƙe garinsu da kansu.

Galibi ta Porte Saint-Vincent a ke hawa, kusa da tsohuwar fadar da yanzu ta zama ofishin magajin gari. In mutum ya nufi kudu, tashar jirage tana hagunsa, gari yana damansa, zai wuce Grande Porte mai hasumiya biyu, ya kai Porte de Dinan. Yawancin abin da ya taka a wannan ɓangare aikin wani injiniya ne, Siméon Garangeau, almajirin Vauban, babban maginin ganuwoyin Sarki Louis na 14. Daga 1708 zuwa 1742 aka yi ta tura ganuwar gaba ana cike ruwa, har garin ya tashi daga hekta 16 ya kai 24. Shi ne kuma ya gina Fort National a 1689, wadda a ke hange bisa wani dutse ta arewa. Dalilin wannan shiri duka Ingilishi ne. A watan Nuwamba na 1693 sun cika wani jirgi da albarushi suka sako shi cikin dare don ya fashe a gindin ganuwa, sai ya makale a duwatsu ya tashi tun bai iso ba. Rufin gidaje da tagogi sun sha kashi, amma mutanen garin har yau suna ba'a, wai kyanwa guda ce ta mutu.

To, a daidai Porte de Dinan ɗin nan ne ya kamata mai kallo ya juya wa teku baya ya dubi gari. Zai ga gidaje na dutse, benaye dogaye masu manyan bututun hayaƙi, sun yi sahu sun ɗara ganuwar tsawo. Gidajen masu jirage ne, sun gina su haka don su riƙa hangen dukiyarsu tana shigowa. Ɗaya daga cikinsu, wanda François-Auguste Magon de la Lande ya gina a 1725, yana nan yadda ya ke, ana kuwa shiga kallo. Mu da mu ke aikin akawu, in muka ga gini irin wannan, tambayar da ke fara zo mana ita ce: ina aka samo kuɗin?

Hanyoyin suna da yawa. Akwai kamun kifi a tekun Kanada, irin wanda a ke sa wa gishiri a busar. Jacques Cartier ma, wanda ya tashi daga nan a 1534 ya buɗe wa Faransa hanyar Kanada, ɗan garin ne, kabarinsa yana cikin babbar majami'a. Akwai fataucin yadi zuwa Cadiz ta ƙasar Sifen, da azurfar Peru, da gahawar Moka ta ƙasar Yaman wadda jiragen garin suka tafi ɗaukowa a 1708. Sai kuma fashin teku da izinin sarki: a lokacin yaƙi a kan ba mai jirgi takarda ya tare jiragen abokan gaba, ya kwashe kaya, a raba ganima bisa ƙa'ida. Da haka René Duguay-Trouin ya ci birnin Rio de Janeiro a 1711 ya karɓi fansa. Waɗannan duka masu yi wa baƙi jagora suna faɗinsu da fara'a.

Akwai kuma cinikin bayi. Saint-Malo ita ce ta biyar cikin tashoshin Faransa a wannan ciniki, jirage sun tashi daga nan sau fiye da 200 don ɗaukar mutane. Nantes ce ta fi kowa, da fiye da 1,700. Jirgi ya kan fita da yadi da bindigogi da barasa da wuri, ya sauka gaɓar Afirka ya musanya su da mutane, ya ƙetara da su tsibiran rake, musamman Saint-Domingue wadda yanzu a ke kira Haiti, sa'an nan ya komo gida da sukari da gahawa. Bawa bai cika taka Saint-Malo ba, kuɗinsa ne ke isowa. Shi ya sa mutum zai kewaye ganuwar nan kaf yana shan iska, ya sauko bai ga abin da zai tuna masa ba.

In aka wuce Bastion de la Hollande, inda mutum-mutumin Cartier ya ke, aka doshi hasumiyar Bidouane, tsohuwar ma'ajiyar albarushi, za a tarar da mutum-mutumin Robert Surcouf ya miƙa hannu yana nuna Ingila. An haife shi a 1773, ya mutu a 1827. Jarumi ne, wannan ba mu musu: a 1800 ya kama Kent, jirgin Ingilishi da ya fi nasa girma nesa ba kusa ba, a tekun Indiya. Amma tun yana saurayi ya yi jigilar bayi daga gabashin Afirka zuwa tsibiran Faransa na tekun Indiya, da ya zama attajiri kuma ya ci gaba da tura jirage har bayan 1815, sa'ad da an riga an hana cinikin. Daga nan inda ya ke tsaye ana hangen ɗan tsibirin Grand Bé, inda aka binne Chateaubriand, marubucin nan da yaranmu ke karantawa a makaranta, wanda aka haifa a garin a 1768. Mahaifinsa mai jirage ne, yana cikin masu cinikin bayi, da dukiyar teku kuma ya sayi fadar Combourg a 1761. Ɗan ya mutu a 1848, shekarar da Faransa ta 'yanta bayinta ran 27 ga Afrilu. Ta taɓa 'yanta su a 1794, Napoleon ya mai da su bauta a 1802.

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da wannan, mu da mu ke nesa da teku? Da ruwansa. Faransawa suna da sansani a Ouidah ta ƙasar Dahomey, kuma ta wannan gaɓa ne a ke fitar da mutanen da aka gangaro da su daga arewa. A cikin takardun ƙidayar bayi na gonakin Saint-Domingue na ƙarshen ƙarni na 18 ana samun waɗanda aka rubuta wa "Aoussa". A Bahia ta ƙasar Barazil kuwa, inda jiragen Fotugis suka fi kai su, Hausawa sun yi yawa har suka shirya tawaye a 1807, suka kuma tayar a 1809 da 1814. Mutanen nan suna da garuruwa da iyaye, wataƙila waɗansu daga garuruwan kakanninmu aka kamo su.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bature bai zo Katsina ko Gobir ya kama su da hannunsa ba. Yaƙe-yaƙenmu ne suka samar da su, fatakenmu suka kora su kudu, waɗansu kuma arewa ta hamada zuwa Tarabulus. A cikin ganuwar Kano, a kasuwar Kurmi, an sayar da mutane har zuwan Turawa a 1903. Birnin Damagaram da Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa ya ɗora mata igwa, shi ma da harin bayi ya ƙasaita. Uban da ya tsaya da ɗansa gaban Surcouf ya ba shi labarin jiragen, ya kamata ya haɗa masa da wannan, don in bai ji a bakin ubansa ba zai ji a bakin wanda ba ya ƙaunarsa. Faransa dai ta yi doka a 2001, wadda a ke kira da sunan Christiane Taubira, ta amsa cewa cinikin bayi laifi ne a kan 'yan Adam duka, tun 2006 kuma a ke tunawa ran 10 ga Mayu. Nantes ta buɗe wurin tunawa a bakin kogin Loire a 2012.

Saura abu guda wanda baƙo ba zai gane ba sai an gaya masa. Garin da ya ke kallo daga bisa, yawancinsa sabo ne. A watan Agusta na 1944, cikin Yaƙin Hitila, sojan Amurka suka kewaye Jamusawa a nan, aka yi ta ruwan igwa da bama-bamai, wuta ta ci garin kwana da kwanaki. Kashi 80 cikin 100 na gidajen cikin ganuwa suka ƙone. Jamusawa sun tsare mazan gari 380 a Fort National, 18 daga cikinsu harsashin igwa ya kashe su. Shugaban Jamusawan, Kanar von Aulock, bai miƙa wuya ba sai ran 17 ga Agusta, a can Aleth inda garin ya samo asali, na tsibirin Cézembre kuwa suka kai 2 ga Satumba. Abin mamaki, ganuwar ta tsira. Da aka zo sāke gini, daga 1948 zuwa 1960, a zamanin magajin gari Guy La Chambre, sai aka ƙi yin gidajen zamani, aka koma ga dutse irin na dā, waɗansu gidaje ma aka sa wa duwatsunsu lamba aka mai da kowane mazauninsa.

Wannan shi ya kan sa mu yi shiru in mun tuna da gida. Tamu ganuwar ta ƙasa ce, tana bukatar yaɓe bayan kowace damina, a dā kuwa sarki ne ke sa talakawa da bayi su fito aikin. Da aikin tilas ya ƙare, yaɓen ma ya ƙare. Rumfa ya faɗaɗa ganuwar Kano, Muhammadu Nazaki ya ƙara, amma a zamaninmu aka yi ta ɗibar ƙasarta ana yin tubali, ana gina gidaje a kanta. An sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa a 2007, a 2010 kuma aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Ta Zinder guntaye suka rage a unguwar Birni. Ba igwar kowa ce ta yi wannan ba.

Masu niyyar zuwa, ga gargaɗi. Tekun wurin nan tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare, tsakanin cikarta da janyewarta kuwa ya kan kai mita 12 a manyan ranaku. Grand Bé da Fort National da ƙafa a ke zuwa in ruwa ya janye, in ya komo kuwa da sauri ya ke rufe hanya, wanda ya makara sai ya zauna a tsibiri wajen sa'a shida. A duba allon lokutan ruwa kafin a sauka, a riƙe hannun yara, a kuma tafi da rigar sanyi ko da watan Yuli ne, don iskar bisa ganuwa ba ta da wasa.