BABI NA UKU: RAYUWAR GIDA TA 'YAN MISHAN MASU KOYON HAUSA, 1856 ZUWA 1960

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ƙungiyoyin mishan da suka shigo ƙasar Hausa da maƙwabtanta, tare da littattafan da suka wallafa. Wannan babi zai duba yadda mutanen waɗannan ƙungiyoyi suka zauna a gidajensu a lokacin da suke koyon Hausa. Ayyukan da suka yi magana a kan tarihin rubutun boko, irin su Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya wanda ya fito a 1988, sun tsara sunayen marubuta da shekarun wallafa. Abin da wannan babi yake son ƙarawa shi ne, kafin a kafa makarantun koyar da harshe, har ma bayan an kafa su, cikin gida ne ainihin ajin da ɗan mishan yake koyon Hausa, kuma mutanen da yake ci yake sha da su ne malamansa. Saboda haka irin mutanen da suka zauna a gidan ya yi tasiri a kan irin Hausar da ta shiga littafi. Za a bi wannan batu ta hanyar duba gidan Schön a Ingila, da gidan Miller a Zariya, da kuma tashoshin mishan na ƙarni na ashirin.

3.1 Gidan Schön a Chatham

James Frederick Schön Bajamushe ne, an haife shi a 1803, ya kuma yi aiki da ƙungiyar mishan ta cocin Ingila wadda aka fi sani da CMS. Ya fara tattara kalmomin Hausa ne daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo. A 1841 ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, kuma a 1843 ya wallafa ɗan littafinsa na farko na kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila a 1847, inda ya zama limamin coci a wani asibitin sojojin ruwa a garin Chatham. Har ya rasu a 1889 bai taɓa sa ƙafa a ƙasar Hausa ba.

Abin da ya sauya aikinsa shi ne zuwan wasu samari biyu, Dorugu da Abbega, waɗanda matafiyin nan Heinrich Barth ya kai Turai a 1855. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, an kama shi bawa tun yana yaro, aka kai shi Barno. Abbega kuwa Margi ne. A 1856 suka koma zama a gidan Schön, cikin iyalinsa. Abbega ya koma gida a 1857, daga baya ya zama sarkin Lokoja, amma Dorugu ya zauna har 1864.

A wannan gida, koyo ya zama ta ɓangare biyu. Schön yana koya wa Dorugu karatu da rubutu da addinin Kirista, shi kuma Dorugu yana ba shi tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwarsa, Schön yana rubutawa. Daga wannan zama ne aka sami Farawa Letafin Magana Hausa a 1857, da littafin nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da fassarar Sabon Alkawari a 1880, sai kuma Magana Hausa a 1885. A cikin na ƙarshen har akwai bayanin da Dorugu ya yi game da yadda Turawa suke zaman cin abinci, wanda yake nuna cewa shi ma yana nazarin masu gidansa kamar yadda suke nazarin harshensa.

Wani abin lura shi ne, Dorugu ya bar ƙasar Hausa yana yaro, kuma Hausarsa ta Damagaram ce. Ke nan babban kaso na Hausar boko ta farko ya dogara ne a kan bakin saurayi ɗaya, wanda ba shi da abokin hira da Hausa bayan tafiyar Abbega in ba ɗalibinsa ba. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a Kano, inda ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa, ya rasu a 1912.

3.2 Daga Tarabulus zuwa Zariya

A ƙarshen ƙarni na sha tara shiga ƙasar Hausa yana da wuya ga Bature, don haka masu son koyon harshen suka riƙa zuwa Tarabulus da Tunis, inda ake samun Hausawa fatake da alhazai da 'yantattun bayi. Charles Henry Robinson ya bi wannan hanya kafin ya isa Kano a 1894, kuma ya wallafa littafin nahawunsa a 1897. Haka nan Likita Walter Miller da abokan aikinsa na CMS sun zauna a Tarabulus suna koyon Hausa kafin su bi Bishop Tugwell zuwa Kano a 1900. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, sai suka juya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu a wannan shekara.

A Tarabulus ne Miller ya haɗu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa hajji. Wannan yaro ya zama ɗan gidansa kuma mai taimaka masa a aikin fassara. Miller bai yi aure ba. Da ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, sai ya cika gidansa da yara waɗanda yake riƙo yana koya musu karatu, kuma 'yar'uwarsa Ethel ta zo ta yi aiki tare da shi. Iyalinsa ke nan. Tun daga safe har dare Hausa ake yi a gidan, kuma a wajen gida Zazzagawa ne maƙwabtansa da marasa lafiyar da yake dubawa.

Idan aka kwatanta wannan da gidan Schön, za a ga bambanci a fili. Schön yana da Bahaushe ɗaya a cikin gidan Turawa, shi kuwa Miller Bature ne a tsakiyar Hausawa. Wannan ne ya sa Hausarsa ta nuna har aka dogara da shi a aikin fassarar Littafi Mai Tsarki wanda ya fito a 1932. Daga makarantar da ta tsiro a gidansa, wadda aka mayar Wusasa a 1929, aka sami mutane irin su Likita R.A.B. Dikko da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

3.3 Tsarin Yini a Tashar Mishan

Mafi yawan 'yan mishan ba su sami irin damar da Miller ya samu ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigarsu masarautun Musulmi, saboda haka ƙungiyoyin SIM da SUM suka kafa tashoshinsu a ƙasashen Nufe da Gwari da Binuwai da Filato. Duk da haka Hausa suka fi buƙata, domin ita ce harshen kasuwa da hanya. SIM ta buɗe makarantar koyon Hausa a Minna, daga baya aka riƙa yin karatun a Kano. An kuma tanadi littattafan koyo irin su Yau da Gobe na J. Lowry Maxwell da Eleanor Forshey.

Yini a irin waɗannan wurare yana farawa da addu'ar asuba ta iyali, wadda ma'aikatan gida sukan halarta. Da hantsi sai a zauna da malami Bahaushe ana maimaita jimloli da karatu a bayyane. Da rana tsaka a huta saboda zafi, da yamma kuma a fita kasuwa ko ƙauye don gwada abin da aka koya. Da dare a yi bitar nahawu da fitilar kananzir. A tsakanin waɗannan akwai hidimar kare lafiya wadda ba a wasa da ita: shan kwinin kullum, da tafasa ruwan sha a tace shi, da kwana cikin gidan sauro. Wasiƙa daga gida takan yi makonni a jirgin ruwa kafin ta iso.

Babbar matsalar mai koyo ita ce abin da rubutu ba ya nunawa, wato karin sauti da tsawon wasali. A takarda kalmar gari ɗaya ce, amma garin da ake zama a ciki daban yake da garin tuwo, haka kukan yaro daban yake da kukar miya. Littafi ba ya gyara wannan sai kunne. Don haka kuku da yaron gida da mai wanki da mai ɗebo ruwa suka zama malamai na biyu, domin da su ake magana a kowace sa'a, kuma su ne suke fara jin kuskure. Sai dai da yawa daga cikinsu ba Hausawa ba ne, su ma a kasuwa suka koyi harshen, kuma ladabin aiki yakan hana su gyara wa maigida magana.

Jarrabawar harshe kuwa ta shafi rayuwar iyali kai tsaye. Al'ada ce a ƙungiyoyin mishan da dama a hana sabon ma'aikaci aure sai ya ci jarrabawar farko, domin ana ganin hidimar gida za ta raba masa hankali. Ta haka ranar ɗaurin aure ta rataya a kan iya nahawu.

3.4 Matan Aure da 'Ya'ya

Nauyin da ke kan matar ɗan mishan ya fi na mijinta. Ana sa ran ta ci jarrabawa iri ɗaya da shi, alhali ita ce mai kula da abinci da jinya da goyo. Amma tana da wata ƙofa da mijinta ba shi da ita, wato shiga gidajen matan kulle. Ta wannan hanya ne kalmomin girki da haihuwa da reno da cututtukan yara suka shiga kunnen 'yan mishan, musamman bayan an ba su damar aikin jinyar kutare a Kano da Katsina da Sakkwato a ƙarshen shekarun 1930.

Haɗarin da iyalan suka shiga ba ƙarami ba ne. Likita Niels Bronnum na mishan ɗin ƙasar Denmak ya iso Nijeriya a farkon 1913 tare da matarsa Margaret da wata ma'aikaciyar jinya, Dagmar Rose. Suka zauna a Rumasha, kusa da kogin Binuwai, suna koyon Hausa suna jiran izinin wucewa Adamawa. A nan Margaret ta haihu, ta rasu bayan haihuwar. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma Turai da shi, shi kuma Bronnum ya ƙarasa Numan shi kaɗai a watan Oktoba na wannan shekara. Haka kuma Stover Kulp, ɗaya daga cikin waɗanda suka buɗe tashar Garkida a 1923, ya rasa matarsa Ruth da jaririnsu a 1924.

'Ya'yan da suka rayu sukan riga iyayensu iya Hausa, domin a bayan masu reno da wajen wasa suka tsince ta, tare da karin sautinta daidai. Amma ba sa daɗewa a gida. A farkon zamani akan bar su a Turai ko Amurka wajen dangi ko gidajen riƙo idan sun isa shiga makaranta. Daga baya aka buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, da Kent Academy a Miango a 1946, inda ake kai yara kwana tun suna da shekara shida, kuma da Turanci ake karatu. Wannan ya rage nisan rabuwa, amma ya cire wa gidan mutumin da ya fi kowa iya harshen a cikinsa.

3.5 Tasirin Wannan Zama a kan Rubutacciyar Hausa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na farko, karin harshen da ya shiga littattafan mishan ya bi asalin mutanen gidan: Damagaram a wajen Schön, Zazzau a wajen Miller. Sai da G.P. Bargery, wanda shi ma da CMS ya fara aiki a 1900 kafin ya koma gwamnati, ya zagaya ƙasar Hausa yana tattara kalmomi, sannan aka sami ƙamus mai faɗi a 1934. Na biyu, da yake an koyi Hausa a wajen ƙasar Hausa kuma aka yi wa'azi da ita a can, sai ta zama harshen coci a Filato da kudancin Zazzau da Adamawa, a bakin mutanen da ba ita ce harshensu na gado ba. Na uku, aikin na iyali ne gaba ɗaya, ko da yake sunan maigida ne yake fitowa a bangon littafi. An ga sauyi a wannan fanni a wajen Charles Kraft da matarsa Marguerite, waɗanda suka yi aikin mishan a arewa maso gabashin Nijeriya daga 1957 zuwa 1960, suka kuma fitar da littafin Introductory Hausa da sunayensu su biyu a 1973.

3.6 Kammalawa

Wannan babi ya nuna cewa koyon Hausa a wajen 'yan mishan harka ce ta cikin gida, wadda ta haɗa miji da mata da 'ya'ya da ma'aikata, kuma wasu iyalan sun biya kuɗinta da rayuka da rabuwa. An kuma ga cewa ingancin Hausar ɗan mishan ya danganta da yawan Hausawan da ya yarda su zauna kusa da shi. A bisa wannan, ya kamata tarihin rubutun boko ya lissafa Dorugu da Abdulmajid da sauran mutanen gida a sahun waɗanda suka gina shi, domin daga bakinsu aka ɗauko abin da aka rubuta. Babi na huɗu zai nazarci ƙa'idojin rubutun da aka bi a waɗannan littattafai, tun daga na Schön har zuwa fassarar 1932.